KWAMFUTA A FIRAMARE: AN SA A TAKARDA, SAURA MALAMI DA WUTA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

A watan Satumba na shekarar 2025 ne Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fito da jerin darussan sabuwar manhajar makarantun firamare da na sakandare, wadda aka ce an rage wa yara yawan darussa a cikinta domin su sami sukunin fahimtar abin da ake koya musu. Cikin darussan da aka jera wa 'yan aji huɗu zuwa aji shida na firamare har da na sanin makamar kwamfuta da sauran na'urorin zamani, watau yaro ɗan shekara tara ko goma ya fara zama gaban na'urar yana aiki da ita da hannunsa.

Na san da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, ko a Mile 12 ne, ko Agege, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, in sun ji wannan labari a rediyo sai su ce ai magana ce ta 'yan boko da 'ya'yan manya, ba ruwan mai sayar da albasa ko mai tura baro ko maigadi. To, jama'a, da ruwanmu, har ma ta fi shafarmu bisa kowa. Sai dai kafin mu yi murna ya kamata mu tambaya: wa zai koyar da darasin, da wace wuta, kuma yaron da za a koya wa ya iya karatun ma tukuna?

DALILIN DA YA SA TA SHAFE MU

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a da fensir da takarda, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Hukumar WAEC ta fara bin wannan sawu a 2024 da masu rubuta jarrabawa a ƙashin kansu, sa'an nan a watan Afrilu na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da umurnin cewa WAEC da NECO duka su koma yin jarrabawarsu ta kwamfuta. Ko an cika wa'adin da aka sa ko an ɗaga, hanyar da aka dosa ke nan, kuma ba alamar za a juyo.

Yaron da ya shiga aji huɗu a 2025, in Allah ya raya shi bai yi fashi ba, a 2034 zai gama sakandare. Ran nan za a zaunar da shi ɗaki ɗaya da yaron da tun yana ɗan shekara shida yake wasa da kwamfuta a gidan ubansa, a ba su tambaya iri ɗaya da lokaci iri ɗaya. Namu yana iya fin wancan sanin amsa, amma in rabin sa'ar farko ta ƙare yana laluben inda zai danna, hannu na rawa, an riga an bar shi a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko ba a zancen jarrabawa ba ma, masu karatu ba su manta da wahalar ƙarancin takardun kuɗi ta farkon shekarar 2023 ba, lokacin da aka sake fasalin Naira. A kasuwannin gwari da na shanu tilas ta sa aka koma karɓar kuɗi ta waya. Dattijon da ya shekara talatin yana ciniki, wanda ba a taɓa cin sa a lissafi ba, sai ga shi yana miƙa wa ɗan yaro wayarsa ya duba masa ko kuɗi sun shigo. Wanda bai sami yaro mai amana ba kuwa, 'yan damfara sun nuna masa saƙon ƙarya sun yi awon gaba da kayansa. Wanda abin ya faru a gabansa ya san cewa wannan ilmi ya zama na kare dukiya.

BA YAU AKA FARA BA

Amma fa wanda ya san tarihin ilmi a ƙasar nan ba zai yi saurin tafi don an karanta sanarwa ba. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tanadin sababbin yara miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana, aka shiga horar da malamai a gurguje, wasu azuzuwan kuma a gindin itace. A 1982 aka soma tsarin nan na 6-3-3-4, aka sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje da kuɗi masu yawa, da dama daga cikinsu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu domin babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu.

Ita kanta kwamfutar, tun 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke Ministan Ilmi, aka tsara manufar koyar da ita, aka fara gwaji a makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya. A manhajar da aka soma aiki da ita a 2008 ma an sa ta a firamare. Ke nan a takarda yaran ƙasar nan sun daɗe suna koyon kwamfuta. A tambayi iyaye a ji ko sun gani a ƙasa.

Akwai kuma gwajin da aka yi a 2007 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, inda aka raba wa yara 'yan ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, ƙarƙashin shirin wani malamin jami'a na Amurka, Nicholas Negroponte, mai burin kowane yaro a ƙasashe matalauta ya mallaki tasa a kan dala 100. An ɗauki hotuna, an yi ta yabo, har an yi zancen Nijeriya za ta sayi guda miliyan ɗaya. Ba a saya ba, shirin kuma bai yaɗu ba. Ƙasar Peru ta Kudancin Amurka ita ta saya da yawa, amma binciken da aka buga a 2012 kan makarantun ƙauye 319 ya nuna cewa sakamakon yaran a lissafi da harshe bai ƙaru ba. An ba yara na'ura, ba a gyara yadda ake koyarwa ba.

ABIN DA NA GANI

Kwanan baya na leƙa wata makarantar firamare ta gwamnati a wata ƙaramar hukuma ta Arewa, na tarar ana darasin kwamfuta a aji biyar. Malamin ya zana ta a allo da alli, zane mai kyau kuwa, ga fuskar, ga allon haruffa, ga linzamin da ake ja a kan tebur har da wutsiyarsa. Yana nunawa da tsumagiya, yara fiye da saba'in, rabinsu a ƙasa, suna maimaita sunayen da Turanci kamar masu biya karatu. Da na tambaya wa ya taɓa sa hannu a kan ta gaske, yara uku suka ɗaga hannu, ɗaya daga cikinsu ma ashe injin mai POS na bakin kasuwa yake nufi.

Ban ga laifin malamin ba. Ya shaida mini cewa ilmin zaman jama'a ya karanta, hedimasta ne ya ɗora masa darasin domin shi ne mai ƙananan shekaru a cikinsu, kuma shi kansa sai ya je shagon buga takardu yake taɓa kwamfuta. Makarantar ba a taɓa ja mata wuta ba. Ƙarshen zango yaran za su rubuta ma'anar kwamfuta da sassanta guda biyar, su ci saba'in ko tamanin, a kai wa uba sakamako ya yi murna. Ni ma haka aka yi mini. Na ci darasin kwamfuta a sakandare, amma ranar da na fara zama gabanta a wani shago, sai da yaron shagon ya nuna mini inda ake kunnawa.

KARATU, MALAMI, WUTA

A ganina abu uku ne ke gaban na'urar, kuma a jere suke. Na farko shi ne karatu. A 2022 asusun UNICEF ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi su gane abin da ya ƙunsa. Kwamfuta kuwa da rubutu take magana, galibi ma da Turanci. Yaron da bai bambance harafi da harafi ba, in ka zaunar da shi gabanta hotuna zai kalla kawai. Yaranmu na Kurmi nasu nauyin ya fi, domin Hausa suke ji a gida, Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka a titi, sa'an nan Turancin littafi a aji. Saboda haka uban da ke son ɗansa ya iya kwamfuta a aji huɗu, ya fara tabbatar da cewa ya iya karatu a aji biyu.

Na biyu shi ne malami. Ba a manta ba a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da abin. Ko wane gefe mutum ya tsaya a wannan rigima, ta nuna halin da aikin koyarwa ke ciki. Saurayin da ya ƙware a kwamfuta da wuya ya zauna a firamaren ƙauye a kan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, alhali shagon gyaran waya zai ba shi fiye da haka. Taron bita na kwana uku a otal, a raba jaka da kuɗin mota, ba ya mai da malamin ilmin zaman jama'a malamin kwamfuta.

Na uku ita ce wuta. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma kowa ya san yawancinsu mutanen karkara ne. Janareta kuwa tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, ya fi ƙarfin hedimastan da ko kuɗin alli sai ya yi bara. Abin da ya rage shi ne wutar sola, wadda tsadarta a sayen farko take. Sai an kammala waɗannan uku sa'an nan a yi maganar sayen na'ura. Mu kuwa a nan daga na'urar ake farawa, domin a nan ne kwangila take, a nan ne ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto.

Wasu masu ra'ayi na cewa a bar zancen kwamfuta gaba ɗaya har sai an rufe azuzuwan da iska ta yaye, an kuma dawo da miliyoyin yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda mafi yawansu namu ne na Arewa. Har suna kafa hujja da ƙasar Suwidin, wadda a 2023 ta fara rage dogaro da na'urori a ƙananan azuzuwa ta koma ga littafi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Amma yaron Suwidin in an karɓe na'ura a aji yana da ita a gida. Namu in bai gan ta a makaranta ba, ba inda zai gan ta, kuma masu jarrabawa ba za su jira a gama rufin kwano ba.

ME YARO YAKE BUKATA?

Abin da ɗan aji huɗu ke bukata ba shi da yawa, kada kowa ya tsorata mu da manyan kalmomi. Ya iya kunnawa da kashewa yadda ya kamata. Ya iya jan linzami ya danna inda yake so. Ya buga sunansa da na garinsu da jimla biyu ko uku ba tare da ya shekara yana neman harafi ba. Ya ajiye abin da ya rubuta, gobe ya dawo ya nemo shi. Sa'an nan a koya masa tsare sirri, watau lambar sirrin banki ba a faɗa wa kowa ko da ya ce daga banki yake, kuma ba duk abin da ya fito a fuskar waya ne gaskiya ba. Wannan darasi na ƙarshe manya ma suna bukatarsa.

Kada kuma uba ya ruɗu don ya ga ɗansa ya iya latsa waya yana kallon TikTok. Kallo daban, aiki daban. Yaro na iya shekara biyar yana shafa fuskar waya bai taɓa rubuta jimla guda ba.

Akwai ma sashen wannan ilmi da ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Wasu malaman jami'a, cikinsu har da Tim Bell na ƙasar New Zealand, sun daɗe da tsara hanyar koya wa yara yadda kwamfuta ke tunani ta wasanni. Misali, a yanka kwali biyar, a ɗiga ɗigo 16 a na farko, 8 a na biyu, sai 4, sai 2, sai 1. Yara biyar su riƙe a gaban aji. In malam ya ce a kawo 13, sai mai 8 da mai 4 da mai 1 su nuna nasu, sauran su kife. Da kwali biyar ɗin nan za a iya fitar da kowace lamba daga 0 zuwa 31, kuma haka kwamfuta ke ƙidaya, da kunnawa da kashewa kawai. Ko a sa yarinya ta jera matakan dama kunu ɗaya bayan ɗaya, ƙawarta ta bi umurnin daidai yadda aka faɗa ba ƙari ba ragi, a ga inda za a yi kuskure. Wanda ya iya dara ya riga ya san tunanin "in ya yi kaza, ni in yi kaza". Malamin da na gani da allinsa, da an nuna masa wannan, da yaransa sun fi amfana.

Ba kuma dole ne kowane yaro ya sami tasa ba. Aji mai yara sittin, in akwai kwamfuta goma, yara biyu a kan kowace, sau uku za a shiga kowa ya taɓa. In yaro ya sami minti arba'in kowane mako daga aji huɗu zuwa aji shida, ba zai yi rawar hannu a ɗakin jarrabawa ba.

NAMU AIKIN A KURMI

Jihohin da muke zaune a cikinsu wasu sun yi gaba. Jihar Edo ta soma shirin EdoBEST a 2018, Jihar Ikko ta soma EKOEXCEL a 2019, kuma abin lura shi ne a shirye-shiryen biyu malamai aka fara horarwa aka ba su kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana. Amma duk gyaran da aka yi wa makarantar gwamnati, yaron da ba a kai shi ba bai gani ba. Har yanzu a zangunanmu akwai yara masu yawa da safiya ke yi musu a bakin kasuwa da faranti a ka, musamman 'ya'ya mata, akwai kuma waɗanda aka baro a gida wurin kakanni, uba na aika kuɗin hatsi amma bai taɓa tambayar ajin da suke ba.

Waɗanda suka sa 'ya'yansu a makarantun kuɗi kuwa, su duba takardar biyan kuɗin zango. Sau da yawa za su ga an rubuta kuɗin kwamfuta. Wanda ya biya yana da hakkin ya je ya ce a nuna masa ɗakin, a kunna a gabansa, ya ƙirga nawa ke aiki, ya tambayi ranar da ajin ɗansa ke shiga. Ko uba bai yi boko ba zai iya wannan. In an dawo gida ya kai yaron shagon buga takardu ya ce ya rubuta sunan kakansa. Minti biyar sun isa a san ko kuɗin na tafiya inda aka ce. Mutumin da ba ya sayen sa sai ya duba haƙora, bai kamata ya biya kuɗin karatu ido rufe ba.

Daɗin daɗawa, muna da ƙarfin da ba mu cika amfani da shi ba. Ƙungiyoyin 'yan gwari da na mahauta da na masu shanu da na direbobi suna karɓar kuɗin ƙungiya kowace rana, kuma da irin wannan taro da sisi aka gina masallatai da makarantun Islamiyya a kusan kowane zango. In sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suka sa baki, ɗaki guda a jikin Islamiyya, da farantan sola, da kwamfuta goma 'yan gwanjo masu lafiya daga kasuwar Ikeja, ba su fi ƙarfinmu ba. Sharaɗi ɗaya ne: a fara samun malami, a yanka masa albashin da zai zauna, a kuma ware kuɗin gyara, kafin a sayi ko da waya ɗaya. Cikin 'ya'yanmu da suka gama makaranta suna zaune ba za a rasa mai iyawa ba, mace ko namiji. Darussan kuwa akwai na kyauta, kamar dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilmi da UNICEF suka buɗe a 2022, wanda har da Hausa a ciki. Masu ƙungiyoyin ci gaban gari su ma su yi wa firamaren ƙauyensu irin wannan tunani in an zo rabon gudummawar Sallah.

Iyayen da ke tsoron kada na'urar ta ɓata tarbiyya suna da hujja, domin ko a gwajin Abuja na 2007 an ba da rahoton cewa wasu yara sun leƙa wuraren batsa a intanet, sai da aka sa matakan toshewa. Maganin shi ne kwamfuta ta zauna a fili, fuskarta na kallon jama'a, babba na kusa, kuma ɗan firamare ba ya bukatar intanet a buɗe domin ya koyi abubuwan da muka lissafa. Yaron da aka hana koyo a gaban malami, wata rana zai koya a ɓoye wurin abokan banza.

Ga gwamnatocinmu na Arewa kuma, dokar 2004 ta ware wa ilmin farko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ta hannun hukumar UBEC, amma sai jiha ta ajiye nata kason take iya ɗauka, kuma an sha jin biliyoyin Naira na kwance domin jihohi ba su ajiye ba. A ɗauko kuɗin nan, a fara da kwalejojin horar da malamai, kada malami ya karɓi takardar shaida sai ya zauna gaban kwamfuta an gani. Makarantun zamani na gwaji da UBEC ta gina a jihohi abin yabo ne, amma ɗaya a jiha ba za ta ɗauki yaran ƙaramar hukuma guda ba ma.

Kakanninmu sun yi jinkirin karɓar boko, har yau muna biyan bashin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan karon ba wanda zai ce bai ji ba. Duk zangon da ya riga ya fara irin wannan aiki, muna roƙon shugabanninsa su rubuto wa wannan fili su bayyana yadda suka yi da abin da ya ba su wuya, domin sauran 'yan'uwa su koya. Allah ya shirya mana zuriya, ya mai da kowa gida lafiya, amin.